Ciwon Da Ya Fi Ƙarfin Likita Ɗaya

Ina so yau mu yi shawara bisa wata mas'ala ta sha'anin asibiti. Al'adarmu ce idan ciwo ya tsananta a ce, "Wane likita ne ya fi hannu?" In an ambaci sunansa, sai a sayar da abin sayarwa a nufe shi, ko da Masar yake ko Indiya. Ni kuwa a ganina akwai ciwon da wannan tambaya ba ta ishe shi ba. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, su wane ne za su zauna tare bisa al'amarin mara lafiyan nan?

Ga misali. Akwai wani irin ciwon daji na ciki wanda galibi yakan faro daga ɗan tsiron nan na hanji da ake kira afendis. Ƙari ya fito a cikinsa, ya fashe, sa'an nan ya riƙa zubar da wani abu mai yauƙi kamar majina. Sannu a hankali abin ya bi tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, ciki ya yi ta kumbura har ya matse hanji, abinci ya kasa wucewa. Ba a cika ganinsa ba, gama cikin mutum miliyan ɗaya bai wuce biyu ko uku yake kamawa a shekara ba. Saboda haka likita yana iya tsufa bisa aikinsa bai gamu da shi ba sai sau ɗaya ko sau biyu. Yaya mutum zai gwanance da abin da bai saba gani ba?

Maganinsa kuwa aiki ne babba. Wani likitan fiɗa na Amurka, Paul Sugarbaker, shi ya bayyana hanyar a rubuce cikin 1995. Ana buɗe cikin, a feɗe tantanin da ciwon ya taɓa, wani lokaci a cire saifa, da maɗaciya, da wani yanki na hanji, in mace ce har da mahaifa. Kana a zuba ruwan magani mai ɗumi, wajen digiri 42, a bar shi yana kewaya ciki kamar awa ɗaya ko fiye, don ya kashe abin da ido bai gani ba. Aikin yakan ci awa goma.

To, jama'a, ku duba hannu nawa ne cikin wannan aiki. Tun kafin a taɓa wuƙa, sai likitan hoto ya karanta hotunan ciki ya faɗi iyakar inda ciwon ya kai. Sai mai duba tsoka a madubin likita ya ce ƙarin nan mai saurin yaɗuwa ne ko mai jinkiri. Sai likitan sa barci ya auna zuciya da huhu, ya ga ko za su jure yini guda. Bayan fiɗa kuma hanji yakan yi kwanaki bai koma aiki ba, sai masanin abinci ya tsara abin da za a ciyar da shi ta jijiya. Ga masu jinya dare da rana, ga mai tayar da shi ya koya masa tafiya da jan numfashi kada huhu ya cushe. In an fitar masa da hanji ta gefen ciki, ga wadda za ta nuna masa yadda zai lura da jakar. Ɗaya daga cikinsu ya yi sakaci, aikin awa goma ya lalace. Fataken da sun san haka: madugu komai sunansa ba ya fita da ayari sai da jagaba da uban dawaki.

Mutanen Ingila sun bi wannan hanya. Cikin 1995 manyan likitocin gwamnati na Ingila da Wales, Calman da Hine, suka fitar da rahoto, bayan an lura cewa irin maganin da mai ciwon daji ke samu ya danganta ga asibitin da ya faɗa. Suka ce a riƙa duba masu wannan ciwo a taron gwanaye. Cikin 2000 aka keɓe asibitin Basingstoke, kudu maso yamma da Landan, don irin ciwon cikin nan, cikin 2002 aka ƙara asibitin Christie na Manchesta. Da aka tara marasa lafiya wuri biyu, abin da dā likita ke gani sau ɗaya a shekaru ya zama aikin kowane mako.

Na san akwai masu ja. Wani zai ce taro yana kawo jinkiri da nisan tafiya da ƙarin kuɗi. Gaskiya ne, amma wane ya fi tsada, jiran mako biyu ko fiɗa biyu? Gama fiɗar da aka yi rabi da rabi takan bar tabo a ciki, ciwon ya laɓe cikinsa, aiki na biyu ya fi na fari wuya. Wani kuma zai ce in mutane sun yi yawa babu mai ɗaukar laifi. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma maganinta shi ne tilas a faɗa wa mara lafiya sunan babban likitan da ke riƙe da al'amarinsa, da ma'aikaciyar jinya guda wadda zai nema duk sa'ad da ya rikice.

Fa'ida mafi girma a wurina ita ce, taro yana iya cewa kada a yanka. Wanda wuƙa ce sana'arsa, zuciyarsa takan karkata ga yanka. Amma in hoto ya nuna ciwon ya mamaye ƙaramin hanji, ko jiki ya yi rauni ainun, sai abokan aikinsa su tsai da shi, a koma ga rage wa mutum wahala, ya yi sauran kwanakinsa cikin iyalinsa.

Saboda haka duk wanda aka ce za a yi wa ɗan'uwansa babbar fiɗar ciki don ciwon daji, a gida ko a waje, ya tambaya kafin ya sa hannu a takarda: sau nawa kuke yin irin wannan aiki a shekara? An zauna bisa maganarsa, kuma su wa suka zauna? Wa zai lura da shi bayan an sallame shi? Wannan ba rashin ladabi ba ne, likitan kirki ba ya jin haushinsa. Mai shawara dai aikinsa ba ya ɓaci.