A Ware wa Masu Keke Hanyarsu a Gusau

Ya Edita,

Ka ba ni fili in yi kira ga gwamnatin Zamfara.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin kabu-kabu da Keke Napep ya gagari talaka. Ɗalibai da ƙananan ma'aikata da dama sun koma hawa keke. Sai dai titunan da ake gyarawa a Gusau duk don mota ake shimfiɗa su, alhali yawancinmu ba mu da ita. A Tsafe da Bungudu kuwa, mai keke kafaɗa da kafaɗa yake tafiya da tirela a babbar hanya.

Mai girma Gwamna Dauda Lawal, don Allah a ware wa masu keke gefensu tun kafin a zuba kwalta.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Gusau