Mu Koyi Faransanci: Direban da ya ce "Non" alhali ya biya

 Darasin yau wani direba ne ya jawo mana shi, ɗan unguwarmu a nan Birnin Gwari. Tun da hanya ta ɗan lafa bayan sulhun ƙarshen 2024, ya koma lodin masara, yana bi ta Funtuwa da Katsina da Jibiya har Maraɗi. A cikin kasuwa Hausa ta ishe shi, amma takardu da wasu masu kaki sai da Faransanci. A wani shinge aka tambaye shi: "Vous n'avez pas payé?", wato "Ba ku biya ba?" Shi kuwa ya biya, rasit ma na aljihunsa. Ya so ya ce "A'a, na biya", sai iyakar abin da ya fito bakinsa "Non". Aka ce ya yi fakin a gefe. Sai da wani mai jin harsunan biyu ya shiga tsakani aka gane inda gizo ke saƙar.

Kafin mu kai ga kuskurensa, mu fara da tushe. Kai Bahaushe ka fi mai jin Turanci sa'a a wannan babi, domin korewa a Faransanci ƙafa biyu gare ta, kamar tamu. Muna cewa "ban sani ba", da "ba" a gaba da "ba" a baya. Su kuma suna sa "ne" kafin aikatau, "pas" bayansa: "Je sais" na sani, "Je ne sais pas" ban sani ba. Ba a furta harafin ƙarshe na "pas", "pa" kawai za ka ce. Idan wasali ya biyo bayan "ne", sai ta gajarce: "Je n'ai pas", ba ni da.

Amma ka kula da inda kamannin ya tsaya. Mu "ba" ɗinmu ta biyu tana tafiya har ƙarshen jimla: "Ban ga motar a kasuwa ba." Tasu ba ta yawo, tana manne da aikatau. Idan aikin ya riga ya wuce, tana shiga tsakiya ne: "Je n'ai pas vu la voiture au marché." Na sha ganin ɗalibai suna jefa "pas" can ƙarshe, kuma ba na ganin laifinsu, harshen uwa ne ke jan su. Sannan mu a "ba na so" "ba" ɗaya ce tal, su kuwa a rubuce sai biyun sun cika: "Je ne veux pas."

Wata ƙa'idar da ke kayar da mutane: "un", "une" da "des" suna komawa "de" bayan korewa. "J'ai des papiers", ina da takardu; "Je n'ai pas de papiers", ba ni da takardu. Allah ya raba ka da buƙatar jimla ta biyu a kan iyaka.

Ana iya cire "pas" a sa wata kalma a gurbinta. "Je ne fume jamais", ba na shan taba ko kaɗan. "Je n'ai rien", ba ni da komai. "Je ne vois personne", ba na ganin kowa. "Je ne travaille plus ici", na daina aiki a nan. Kada ka haɗa su da "pas", ɗaya ta wadatar. A bakin titi kuma za ka ji an haɗiye "ne" gaba ɗaya, a ce "Je sais pas". Kunnenka ya saba da shi, amma yaron da zai rubuta jarrabawa kada ya kuskura.

To, mu koma wurin direbanmu. Idan aka ce wa Bahaushe "Ba ka biya ba?", maganar mai tambaya yake amsawa. In bai biya ba ya ce "E, ban biya ba". In ya biya ya ce "A'a, na biya". Mai Faransanci ba haka yake yi ba. A wurinsa "Non" na nufin ba a yi aikin ba, ko ta wace fuska aka yi tambayar. Ashe da bakinsa direban ya shaida cewa bai biya ba. "Oui" ma ba za ta fisshe shi ba, don ba a amsa irin wannan tambaya da ita. Akwai kalma ta uku da aka tanada musamman domin ƙaryata tambaya mai korewa, ita ce "Si". Abin da ya kamata ya ce shi ne "Si, j'ai payé", ya miƙa rasit.

Shawarata, har sai bakinka ya saba, kada ka amsa da kalma ɗaya. Cika jimlar: "Si, j'ai payé" ko "Non, je n'ai pas payé". Ko ka rikita ta farko, sauran za su gyara maka.

Ga aikin gida, ku ajiye amsa a ƙasa, mako mai zuwa mu duba tare. Ku mayar da waɗannan Faransanci: "Ban taɓa zuwa Yamai ba", da "Ba mu da mota". Sannan malami ya tambayi 'yarka "Tu n'as pas de cahier?", alhali littafin rubutun nata yana cikin jaka. Me za ta ce?