Baƙuwar kainuwa ba ta san iyaka ba

Maganarmu ta yau a kan wani tsiro ne mai kyan fure, wanda ya cinye ruwan ƙasashe da dama. Muna so kowa ya san shi, kuma kowa ya san abin da ya kamata doka ta yi a kansa.

Kowa ya san kainuwa ta gida, wadda ganyenta ya yi kama da salati, tana yawo bisa tabki. Amma akwai wata baƙuwa da ta fi ta girma da ɓarna. Da Faransanci ana ce mata jasint. Ganyenta kore ne shar, mai sheƙi. Gindin ganyen a kumbure yake kamar ɗan gora, shi ne ke hana ta nutsewa. Furenta shuɗi ne mai haske, da ɗigon rawaya a tsakiya. Saiwarta baƙa ce, tana lilo cikin ruwa, ba ta kama ƙasa kamar bado.

Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, yankin kogin Amazon. Ba iska ta kawo ta Afirka ba, ba kuma tsuntsu ba. Mutane ne suka ɗauko ta saboda kyan furenta, suka sa ta cikin kwamin ruwa na gidaje da lambunan shaƙatawa. Daga nan ta tsere ta shiga koguna. A shekarun 1950 ta mamaye kogin Kwango. A 1984 ta toshe ruwan Legas. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ta shiga tabkin Biktoriya, wanda ya fi kowane tabki girma a Afirka. Kafin shekara goma ta rufe tashar jiragen ruwa ta Kisumu a ƙasar Kenya, masunta suka rasa hanyar fita. Kogin Isa ma bai tsira ba. Mutanen Yamai da na Gaya sun daɗe suna fama da ita.

Mene ne sirrin ƙarfinta? Saurin haihuwa. Idan ta samu zafi da ruwa mai taki, tana iya ninka kanta cikin mako biyu. Ku yi lissafi da kanku. Ɗaya ta zama 2, biyu su zama 4, huɗu su zama 8. Kafin wata biyar, tushe ɗaya ya haura 1000. Ɗan ɓallinta ma yana iya zama sabon tsiro. Irinta kuwa yana iya kwana cikin laka shekara 20, yana jiran ruwa.

Ɓarnarta ta shafi ciki, ta shafi lafiya. Tana rufe fuskar ruwa, hasken rana ba ya shiga, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu, kifi ya mutu ko ya gudu. Tana yaga taru, tana tsare kwalekwale. Tana toshe hanyoyin ruwa na gonakin shinkafa da bakin injin ban ruwa na masu garka. Dabbobi su rasa mashaya. Ƙarƙashinta sauro ke samun maɓoya, shi da ke kawo masassara. Can kuma katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya ke maƙalewa, cutar da ke sa yaranmu fitsarin jini.

To, ga ra'ayinmu. Ƙasa ɗaya ba ta iya wannan yaƙi ita kaɗai, domin ruwa bai san iyaka ba. Kogin Isa ya taso daga duwatsun Gine, ya ratsa Mali, ya yi wajen kilomita 550 cikin Nijar, ya bi iyakar Benin, ya shiga Najeriya. Idan mutanen Yamai suka kwashe tasu yau, gobe ruwa ya kawo musu wata daga sama. Abin da ya kuɓuce musu kuma, ya gangara Gaya. Haka Gulbin Maraɗi: daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi, ya sake komawa Najeriya. Duk abin da aka zuba masa a Jibiya, mu ne za mu gan shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wurin zama a yi shawara akwai shi. Hukumar kogin Isa, wadda aka kafa a 1980, tana haɗa ƙasashe 9, kuma mazauninta a Yamai yake. Hukumar tabkin Cadi tana nan tun 1964. Abin da muke roƙo shi ne ƙasashen nan su daidaita dokarsu ta zama ɗaya. A rubuta sunayen tsirran ruwa da na ado masu haɗari. A hana sayar da su, a hana dasa su, a hana ƙetare iyaka da su. Ƙasashen Tarayyar Turai sun yi haka: tun 2016 haramun ne a sayar da wannan kainuwa ko a shigo da ita a dukkansu, ko da yake sanyin ƙasarsu yana rage mata ƙarfi. Ina ga mu, da zafinmu ya fi yi mata daɗi?

Wani zai ce: ai tana da amfani. Gaskiya ne. Ana yin takin gargajiya da ita, ana saƙa tabarma da kwando da busasshen karanta. Wanda ta riga ta shiga ruwansa, ya kwashe ta ya amfana, wannan daidai ne. Amma kada amfanin ya ruɗe mu har mu kai ta inda babu ita. Kwandon taki ba ya biyan tabkin kifi.

Wani kuma zai ce: dokokin kan iyaka sun riga sun yi yawa, wannan ma za ta zama hanyar tatsar talaka. Wannan tsoro yana da tushe. Shi ya sa muke cewa dokar ta zama gajera, a fili. A buga hoton kowane tsiro, a rubuta sunansa da Hausa, Zabarmanci, Barbarci, Fillanci da Buzanci, a liƙa a ofishin duwan da tashar mota da kasuwa. Wanda ya ɗauko cikin rashin sani, a karɓe tsiron a ƙone, a yi masa bayani. Tara ta hau kan mai fataucinsa da gangan. Masu sayar da furanni a birane kuma a nuna musu wasu furannin da ba su da lahani, don kada sana'arsu ta mutu.

Haka maganinta ma yana son haɗin kai. Akwai wani ɗan ƙwaro daga ƙasarta ta asali da ke cin ganyenta, tsutsarsa na huda karanta. An sake shi a kudancin Benin tun 1991, an kuma sake shi a tabkin Biktoriya, kainuwar ta ragu ƙwarai. Amma shi ma ƙwaron bai san iyaka ba. Saboda haka aikin masana ne, tare da yardar maƙwabta.

Mu mutanen Maraɗi, Damagaram da Tawa muna da wata sa'a. Tabkin Tabalak da na Gidimuni ba su haɗe da kogin Isa ba. Ruwan kogi ba ya kawo musu kainuwa. In ta je can, hannun mutum ne ya kai ta. Don haka dokar farko tana hannunmu:

1. Kada ka ɗauko tsiron ruwa daga tafiya don ado ko don gwaji.
2. Masunci mai sauya ruwa ya tsince tarunsa da kwalekwalensa, ya shanya su sosai kafin ya shiga sabon tabki.
3. Mai kawo ƴaƴan kifi daga wani wuri ya duba ruwan, kada ganye ko saiwa su biyo.
4. Wanda ya ga baƙon tsiro bisa ruwa ya sanar da mai gari, sarkin ruwa da ma'aikatan gandun daji tun ranar.
5. A kwashe ta kafin ta yi fure, a kai ta tudu nesa da ruwa, ta bushe ƙarau kafin a yi taki ko a ƙone.

Ƴan uwa, in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba. Ku kai maganar gaban magajin gari da wakilanku, su kai ta gaba. Allah ya tsare mana ruwanmu, ya ba mu damana mai albarka.