Wa zai biya bashin kayan da aka mayar wa mai shago?

Cinikin nan da ake wa laƙabi da "ɗauki kaya yanzu, ka biya daga baya" ya bunƙasa matuƙa a ƙasashen Turai da Amurka tun daga shekara ta 2020, lokacin da annobar korona ta tsare jama'a a gida suka koma yin sayayya ta intanet. To sai dai bunƙasar ta zo da wata taƙaddama da har yanzu ba a warware ba: idan mutum ya mayar da kayan da ya saya, ko kuma kayan ba su iso gare shi ba, wa ke da alhakin bashin da ya rage?

Tsarin cinikin ba shi da wuyar ganewa. Mutum zai zaɓi kaya, a misali takalmi na dala 100, sai ya biya dala 25 nan take, sauran kuma a riƙa cirewa daga asusunsa na banki duk bayan mako biyu, har a kammala cikin makonni shida. Ba a ɗora masa kuɗin ruwa. Kamfanin da ya ba da bashin, kamar Klarna na ƙasar Sweden, ko Affirm na Amurka, ko Afterpay da aka kafa a Ostareliya, shi ke biyan mai shago kuɗinsa tun da farko, yana kuma samun ribarsa daga wani kaso da yake yanka a cikin cinikin.

Wani rahoto da hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta Amurka, CFPB, ta fitar a watan Satumban 2022 ya nuna cewa manyan kamfanoni biyar sun ba da irin wannan bashi har sau miliyan 180 a shekara ta 2021, wanda ya haura dala miliyan dubu 24. Shekaru biyu kafin nan, jimillar kuɗin ba ta wuce dala miliyan dubu 2 ba.

Ciniki tsakanin mutum uku

A cinikin bashi da aka saba gani a kasuwa, mutum biyu ne ke hulɗa. Wanda ya ba ka kaya shi ke bin ka kuɗi, idan ka mayar masa da kayansa magana ta ƙare. A wannan sabon tsari kuwa mutum uku ne, kuma kowanne da littafinsa. Mai shago ya riga ya karɓi kuɗinsa, saboda haka ba ya cikin gaggawa. Kamfanin bashi kuma bai taɓa ganin kayan ba, abin da ya sani kawai shi ne ranar da kashi na gaba zai cika.

Mai saye ne ke tsaka mai wuya. Zai iya aika takalmin ta gidan waya tun a makon farko, amma kafin shagon ya karɓa, ya duba, ya sanar da kamfanin bashi, sau da yawa an riga an cire kashi na biyu, wani lokaci har da na uku. Idan babu kuɗi a asusun, kamfanin na iya cin tararsa saboda jinkiri, bankinsa ma na iya cin tasa tarar. Idan kuma ya dakatar da biya da kansa, bisa hujjar cewa kayan ba sa hannunsa, sai a lissafa shi cikin waɗanda suka ƙi biyan bashi.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Hukumar ta CFPB ta ce fiye da kashi 13 cikin 100 na irin wannan ciniki sun haɗa da mayar da kaya ko kuma jayayya a kansu, kuma a shekara ta 2021 kaɗai darajar cinikin da abin ya shafa a kamfanonin nan biyar ta kai dala miliyan dubu 1 da miliyan 800.

Daga tara zuwa masu karɓo bashi

Idan jinkiri ya yi tsawo, kamfanonin kan miƙa bashin ga wasu kamfanoni na daban waɗanda sana'arsu ita ce karɓo bashi. A nan ne lamarin ke ƙara dagulewa, domin kuwa mai karɓo bashin ya fi kowa nisa da asalin cinikin. Bai san shagon ba, bai san takalmin ba, suna da adadi kawai aka ba shi.

A Birtaniya, ƙungiyar ba da shawara ga jama'a ta Citizens Advice ta bayyana a shekara ta 2021 cewa mutum ɗaya cikin goma na masu amfani da wannan tsari ya taɓa fuskantar masu karɓo bashi. Kazalika tun daga watan Yunin 2022 kamfanin Klarna ya fara aika bayanan abokan cinikinsa na Birtaniya ga cibiyoyin da ke adana tarihin bashin jama'a. Ma'anar haka ita ce, jayayya a kan kayan fam 40 na iya ɓata wa mutum suna a ranar da zai nemi rancen sayen gida ko mota.

Su dai kamfanonin suna kare kansu da cewa mafi yawan abokan cinikinsu na biya a kan kari, kuma tsarin nasu ya fi katin bashi na banki sauƙi, tun da babu kuɗin ruwan da ke ninkawa. Suna kuma nuni da cewa a manhajarsu akwai wurin da mutum zai sanar cewa ya mayar da kaya, a dakatar da cire kuɗi har sai an tantance. Masu fafutukar kare haƙƙin masu saye kuwa na ganin cewa alfarmar da kamfani ya yi don ganin damarsa, yana iya janye ta ranar da ya ga dama, muddin doka ba ta wajabta masa ba.

Giɓin da ke cikin doka

Dalilin da ya sa doka ta daɗe ba ta shiga maganar ba yana cikin yadda aka ƙera tsarin tun asali. Dokar bashi ta Amurka ta fi mayar da hankali ne a kan rancen da ke da kuɗin ruwa, ko wanda ake biya a kashi fiye da huɗu. Shi ya sa kashi huɗu cif ya zama ruwan dare. A Birtaniya ma an daɗe da keɓe bashin da babu ruwa a cikinsa, wanda ake biya cikin watanni 12, daga sa idon hukuma.

Wanda ya yi sayayya da katin bashi na banki a Amurka yana da ikon ƙalubalantar cinikin, kuma ba za a tilasta masa biyan kuɗin da ake jayayya a kai ba har sai an gama bincike. A watan Mayun 2024 hukumar CFPB, a ƙarƙashin shugabancin Rohit Chopra, ta fitar da wata ƙa'ida da ta ce kamfanonin "biya daga baya" su ma wajibi ne su bi wannan hanya: su binciki ƙorafi, su dakatar da neman kuɗi yayin binciken, su kuma mayar da kuɗin kayan da aka dawo da su.

Ƙa'idar ba ta yi tsawon rai ba. Ƙungiyar kamfanonin fasahar kuɗi ta ƙasar ta garzaya kotu a watan Oktoban 2024 tana ƙalubalantarta. A watan Fabrairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sallami Mista Chopra, sannan a watan Mayun wannan shekarar hukumar ta janye ƙa'idar baki ɗaya. Hakan ya bar wa jihohi nauyin cike giɓin, inda jihar New York ta zartar da tata dokar a shekara ta 2025, wadda ta tanadi ba wa kamfanonin lasisi.

Birtaniya kuwa ta bi wata hanyar daban, ko da yake da tafiyar hawainiya. Tun a watan Fabrairun 2021 wani bincike da Christopher Woolard ya jagoranta ya ba da shawarar a gaggauta sanya harkar a ƙarƙashin hukumar kula da hada-hadar kuɗi ta ƙasar, FCA, amma sai a shekara ta 2025 aka gabatar da dokar, aka kuma tsayar da 15 ga watan Yulin 2026 a matsayin ranar fara aiki da ita. Tanadin ya haɗa da tantance ƙarfin mai cin bashi kafin a ba shi, da ba shi damar kai ƙara ofishin sasanta rigingimun kuɗi, da kuma ɗora wa kamfanin bashi alhaki tare da mai shago idan kaya suka zo da matsala.

Amma ko a nan akwai sauran rina a kaba. Wannan kariya ta ƙarshe, wadda ta samo asali daga sashe na 75 na dokar bashi ta 1974, tana aiki ne kawai a kan kayan da farashinsu ya haura fam 100, alhali da yawa daga cikin irin wannan ciniki na tufafi ne da takalma da ba su kai haka ba. Ostareliya ta wajabta wa kamfanonin mallakar lasisin ba da bashi daga watan Yunin 2025, yayin da Tarayyar Turai ta sanya su cikin sabuwar dokar bashi da ta amince da ita a 2023.

Masu lura da al'amura na ganin cewa duk waɗannan dokoki suna ƙoƙarin amsa tambaya ɗaya ce: a tsawon makonnin da kaya ke kan hanyar komawa shago, kuɗin wa ya kamata ya kwana a waje? Inda doka ta yi magana, kamfanin da ya ba da bashin ne ke jira. Inda ta yi shiru, mai saye ne ke ci gaba da biya, sannan ya bi sawun kuɗinsa daga baya.

Kafin dokokin su daidaita, shawarar da masu kare haƙƙin masu saye ke bayarwa ita ce mutum ya adana rasiɗin aika kayan, ya sanar da kamfanin bashi a ranar da ya mayar da su ba tare da jiran mai shago ba, kuma kada ya dakatar da biya da kansa sai kamfanin ya tabbatar masa a rubuce cewa an tsayar da cire kuɗin.