Iri Goma, Hanya Ɗaya

Injin niƙan unguwarmu ya yi mako uku yana kwance a daminar da ta wuce. Abin da ya kwantar da shi boris ne guda, wanda bai cika tafin hannu ba. Mai injin ya zaga shagunan kayan gyara na Ngawundere, ya yi waya Garwa, ya aika Mubi, ko'ina amsa ɗaya ce: akwai boris, amma ba na wannan samfurin ba. Mata suka koma turmi, yaransa biyu suka zauna ba aiki. Da na je yi masa jaje sai ya ce da ni ƙaddara ce. Ban musa masa ba a gaban mutane, amma a nan zan musa. Ranar da ya zaɓi injin da babu irinsa a garin, don kawai an rage masa 'yan dubban sefa, ranar ya sayi wannan zaman na mako uku.

Ku leƙa masana'antunmu ƙanana, wuraren niƙa da walda da ɗinki da matse man gyaɗa. Za ku tarar da injin guda biyar a rumfa ɗaya, kowanne da ƙasar da ta ƙera shi, kowanne da awon notinsa da bel ɗinsa. Idan ɗaya ya tsaya, ba a iya ciro masa komai daga jikin ɗan'uwansa. Bakanike kuwa sai ya koyi hali biyar, ya rasa ƙwarewa a ko ɗaya. Mai shagon kayan gyara ma ba shi da jarin da zai ajiye kayan kowane samfuri, don haka yakan ajiye na wanda ya fi tafiya, sauran su jira.

Babu inda wannan ɓarna ta fi fitowa fili kamar rijiyoyin burtsatse na ƙauyuka. Wannan ƙungiyar agaji ta kafa Vergnet mai takawa da ƙafa, waccan ta kafa India Mark II, wata ta zo da Volanta mai babban gargare. Kowa ya ɗauki hoto ya tafi. Bayan shekara biyu roba ɗaya ta cinye, famfo ya mutu, mutane suka koma rafi alhali ruwa yana nan a ƙarƙashin ƙafarsu. Da a ce ƙauyukan yanki guda iri ɗaya suke amfani da shi, da mai gyara ɗaya da akwatinsa ɗaya sun wadace su.

Abin takaicin shi ne mun yawaita inda ya kamata mu taƙaita, muka kuma taƙaita inda ya kamata mu yawaita. Injinanmu iri-iri ne, hanyar da kayansu ke biyowa kuwa ƙwaya ɗaya ce. Tun 1974 da layin dogo ya iso Ngawundere, kayan da aka sauke a Duwala ta wannan siririn zare suke hawowa, fiye da kilomita 600 daga Yawunde, sannan a ɗora su a manyan motoci su gangara dutse zuwa Garwa da Marwa da Chadi. Tarago ya kauce, ko gada ta karye, arewa duka ta ji a jikinta. Masu cewa su Najeriya suka dogara da ita ba su tsira ba. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗe wasu ba sai Disamba 2020. Ranar 29 ga Mayu 2023 kuma aka cire tallafin man fetur, farashin zuwa-zuwa ya tashi a kwalabe tun daga Garwa har nan. Wutar lantarki ma haka: jihohi uku sun daɗe suna rataye a wuyan madatsar Lagdo mai megawat 72, da ruwanta ya ja baya a 2021 kowa ya ga yadda masu walda suka koma aikin dare, suna gadin wuta kamar masu jiran wata.

Na san abin da za a ce. Za a ce talaka ba ya zaɓe, abin da aljihunsa ya kai shi yake saya. Gaskiya ne jari ya yi ƙaranci. Amma a lissafa kuɗin mako uku na niƙa, da cinikin da ya koma wata unguwa bai dawo ba, a gwada da ragin da aka samu ranar saye. Araha ba ta ado, balle ta yi aiki. Mai ƙaramin jari shi ne ma ya fi kowa buƙatar injin da kayansa ke kowane lungu, domin shi ba shi da na biyu da zai tayar.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Ana cewa idan duk muka taru a kan samfuri guda, dillalinsa ya zama sarki, ya yanka mana farashin da ya ga dama. Haka ne, idan abin da muka ɗaure kanmu da shi dillali ne. Abin da nake kira a daidaita shi ne awo. A zaɓi injin da masana'antu da yawa ke ƙera kayansa, wanda boris ɗinsa ke zuwa ta Duwala, yake kuma zuwa ta Yola ko Kano, wanda maƙeran zamani na garinmu za su iya sassaƙa wa wani sashe idan ta ɓaci. Kamfanin Toyota ya koyi wannan da tsada. A watan Fabrairu na 1997 gobara ta cinye masana'antar Aisin, wadda kusan ita kaɗai ke ƙera masa wani ƙaramin ƙarfen birki, sai ƙera motoci ya tsaya cak a Japan. Kamfanoni da dama ne suka karɓi zanen ƙarfen suka ceto shi cikin 'yan kwanaki, bayan nan ya shiga rage yawan samfuran sassansa. Su da ke da tashoshin jiragen ruwa a bakin ƙofa ke nan.

Mu kuwa jikokin fatake ne, abin da ya sa lamarin ya fi ba ni kunya. Madugun da ya kawo kakanninmu Adamawa ba ya fita sai ya san mashaya ta biyu idan ta farko ta ƙafe, kuma ba ya fafe gora ranar tafiya. Yau jikansa yana sayen janareta bai tambayi inda ake samun fistin ɗinsa ba.

Ƙungiyoyin sana'a da muke da su, na teloli da masu niƙa da masu babura, sun iya tara kuɗin suna da biki. Su zauna sau ɗaya su rubuta samfuri biyu ko uku da 'ya'yansu za su riƙa saya, su ware asusu a ajiye kayan da suka fi saurin cinyewa kafin damina ta ɓata hanya, su kuma ƙulla da dillali biyu, ɗaya na kudu ɗaya na Najeriya. Maƙwabcina dai ya sami boris ɗinsa daga ƙarshe, wani direba ya taho masa da shi daga Kano. Guda ɗaya ya sayo.