Kura da Shan Bugu: Raddi ga Masu Cewa Taken Doctor Who Ɗaya Ne Tak



A ranar 23 ga Nuwamba, 1963, kwana ɗaya bayan kisan shugaban Amurka John Kennedy, gidan talabijin na BBC a Ingila ya fara nuna wani shiri na ƙagen kimiyya mai suna Doctor Who. Labari ne na wani baƙo daga wata duniya da ke yawo tsakanin zamunna a cikin wani shuɗin akwati irin na wayar 'yan sanda. Yau an haura shekara sittin da farawa, an sauya jarumin da ke fitowa a matsayin Dokta fiye da sau goma, amma taken da ke buɗe shirin yana nan a kan tushensa. Hannun da ke kaɗa shi ne yake sauyawa. A kan haka masoyan shirin suka daɗe suna kai ruwa rana: wane salo ne ya fi, na 1963, ko na 1980, ko na 2005, ko kuwa na 2018?

Ba ni da jayayya da kunnen kowa, don abincin wani gubar wani. Jayayyata da wani ɓangare ne na masoyan da suka wuce faɗin abin da ya yi musu daɗi suka koma yanke hukunci. A wurinsu salon 1963 shi kaɗai ne take, duk wanda ya taɓa shi bayan nan ɗan kwaskwarima ne, mai shafa wa kyakkyawar fuska hodar da ba ta nema ba. Ina ganin wannan hukunci zalunci ne, kuma shi ne ainihin zaluncin da aka yi wa matar da suke iƙirarin karewa.

Ga yadda abin ya kasance. Ron Grainer, makaɗi haifaffen Ostiraliya, shi ya rubuta karin taken a kan takarda. Takardar ta isa sashen gwaje-gwajen sauti na BBC da ke unguwar Maida Vale a Landan, hannun wata mata mai suna Delia Derbyshire. Ta karanta lissafi da kiɗa a jami'ar Cambridge, kuma a 1959 kamfanin faifai na Decca ya ƙi ɗaukar ta aiki bisa dalilin cewa ba sa sa mata a ɗakin ɗaukar sauti. A lokacin da ta karɓi takardar Grainer ba ta da na'urar haɗa sauti ta lantarki irin ta yau. Sai ta ɗauki ƙarar tsirkiya guda da aka taɓa, ta naɗe a zaren tef, ta riƙa ƙara gudun zaren tana rage shi har ta fitar da kowane amo da ake buƙata. Kukan nan mai tashi yana sauka kamar iskar hunturu kuwa, daga na'urorin gwajin kayan lantarki ta samo shi. Ita da mataimakinta Dick Mills suka yanka zaren gunduwa-gunduwa, suka liƙa amo bayan amo da hannu, sannan suka kunna injuna da yawa a tare don sassan su haɗu su zama kiɗa ɗaya.

An ruwaito cewa da Grainer ya saurari abin da ta yi, mamaki ya kama shi har ya tambaya ko shi ne kuwa ya rubuta wannan, ita kuma ta amsa masa cewa mafi yawansa nasa ne. Ya nemi a sa sunanta tare da nasa, hukumar gidan ta ƙi, don tsarinta a lokacin shi ne ma'aikatan wannan sashe ba a ambaton su ɗaya-ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi, ko da yake a nan gardin bai so hakan ba. Derbyshire ta bar BBC a 1973, ta rasu a 2001. Sai a 2013, a shirin cika shekara hamsin, sunanta ya fito a allon talabijin a matsayin wadda ta sarrafa taken, shekara goma sha biyu bayan ƙasa ta rufe idonta.

To, mai karatu, da wace hujja aka hana ta haƙƙinta? Da hujjar cewa marubucin kari shi ne mai kiɗa, wanda ya sarrafa kuwa ɗan aiki ne kurum. Yanzu dubi hujjar masu cewa 1963 ko a fasa: wai Peter Howell da Murray Gold da Segun Akinola ba su ƙirƙiri komai ba, sarrafa na wani suka yi. Ashe ba wuƙar da aka yanka Derbyshire da ita ba ce suka ɗauko suna wasawa? Idan sarrafawa ba ƙirƙira ba ce, to salon da suke bugun ƙirji da shi ma ba shi da mai shi sai Grainer. Idan kuwa ƙirƙira ce, kamar yadda aikinta ya tabbatar, to waɗanda suka biyo bayanta sun cancanci a saurare su da adalci.

Bayan haka, asalin da suke magana a kai ma ba abu ɗaya ba ne daskararre. A cikin shekara goma sha bakwai da aikin Derbyshire ya yi yana buɗe shirin, an taɓa shi a 1967 aka ƙara masa amsa-kuwwa da wasu sautuka, aka sake taɓa shi a 1970. Wanda ya taso yana kallo a shekarun 1970, abin da yake kira asali ya bambanta da wanda aka ji a daren farko. Sau da yawa abin da mutum ke karewa da sunan asali, ƙuruciyarsa ce.

Kowane salo kuma yana da dalilin zuwansa. A 1980 Howell, wanda shi ma ɗan wannan sashe ne na Maida Vale, ya sake gina taken da na'urorin lantarki na zamaninsa, ya ba shi kaifi da sauri. Dominic Glynn ya yi nasa a 1986, Keff McCulloch ya biyo a 1987, kafin a dakatar da shirin a 1989. Da aka farfaɗo da shi a 2005, ana neman jawo yaran da ba su taɓa jin labarinsa ba, Gold ya ɗauko ainihin sautukan Derbyshire ya ɗora musu goge da ƙaho da ganguna. A 2018, shekarar da Jodie Whittaker ta fara jagorancin shirin a matsayin mace ta farko da aka ba wannan gurbi, Akinola, matashi ɗan Birtaniya mai tushe a Najeriya, ya sake komawa ga tsofaffin sautukan ya ba su nauyi da duhu. Waɗannan ba masu rusa gidan gado ba ne. Biyu daga cikinsu da tubalin gidan ma suka yi gini. Mu da muka san take mun san cewa taken basarake nasa ne ko wane makaɗi ya riƙe kalangu, kuma ana gane gwanintar makaɗin ne a yadda ya fito da shi.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce Derbyshire da kanta ba ta ji daɗin yadda aka riƙa taɓa aikinta ba. Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Wadda aka hana suna, sannan tana ji tana gani ana jujjuya aikinta ba tare da ikonta ba, dole ranta ya ɓaci. Amma maganin wannan ciwo shi ne a ambace ta, a ba ta haƙƙinta. Da an kulle taken a kan salon 1963, da wuya yaron da aka haifa a wannan ƙarni ya taɓa jin sa, balle ya tambayi wanda ya yi shi. Sababbin salon su ne suka riƙa mayar da kunnuwa ga na farko.

Akwai darasi ma daga kusa da mu. BBC ta goge kaset ɗin shirin masu yawa na shekarun farko don ta sake amfani da su, har ɗimbin kashi-kashi suka ɓace. A watan Oktoba na 2013 aka sanar da cewa an gano guda tara daga cikin waɗanda suka ɓace, na zamanin jarumi Patrick Troughton, a wata tashar talabijin da ke Jos. Kwafin da aka sayar ƙetare, wanda ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, shi ya tsira bayan na gida ya salwanta. Abin da ya yaɗu hannu-hannu shi ke rayuwa.

Don haka ina kira ga masu wannan muhawara: ku ci gaba da kwatantawa, don kwatanci makarantar kunne ce. Ku ce na Howell ya yi muku tsini, ko na Gold ya cika hayaniya, ko na Akinola ya yi nauyi, ku kawo dalili. Sharaɗi ɗaya ne: duk salon da kuka yaba ko kuka kushe, ku kira mai shi da sunansa da shekararsa, ku ɗauke shi a matsayin mai fasaha. Ni dai a kunnena na 1963 ya fi ratsa jiki, kuma yabon gwani ya zama dole. Sai dai wanda ya yabi Delia Derbyshire da bakin da yake raina magadanta, bai fahimci abin da aka yi mata ba.

Allah Ya sa mu zama masu ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Wassalam.