Ra'ayinmu: Hantar Da Aka Jefa Wa Kare

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mayankar Kankiya ko ta Kusada ran kasuwa ya san abin da kan faru idan mahauci ya farke rago ya tarar da hantarsa ko huhunsa da wasu ƙullutai cike da ruwa. Yakan yanke wurin da ya ɓaci ya yi wurgi da shi, karnukan da ke raɓe kuwa su yi wawa. A ganinsa ya kyauta, tun da bai sayar wa jama'a mugun nama ba. Mu kuwa muna cewa a daidai nan ne ɓarnar ke farawa.

Waɗannan ƙullutai 'ya'yan wata irin tsila ce wadda masana ke kira ekinokokas. Uwar tana zaune cikin hanjin kare, tsawonta bai kai santimita ɗaya ba, kuma da wuya ta sa shi rashin lafiya. Ƙwayayenta kan fito cikin kashinsa su watsu a ciyawa da ƙasa da bakin rijiya. Tumaki da awaki da shanu da raƙuma su haɗiye su wajen kiwo, sai su zama jakar ruwa a hanta ko huhu. Ran da aka yanka dabbar aka jefa wa kare wannan jaka, cikin kimanin mako shida sababbin tsiloli sun girma a hanjinsa sun soma zuba ƙwai. Haka abin ke ta kewayawa.

Ɗan Adam fa? Ba ta cin naman yake kamuwa ba. Yana kamuwa ne in ƙwayayen da kare ya zubar suka shiga bakinsa, ta hannun da ya shafa kare, ko ganyen da ba a wanke ba, ko ruwan da ya gurɓata. Yara masu wasa a ƙasa, da makiyaya da mafarauta, su suka fi shiga haɗari. Jakar takan yi shekaru tana girma mutum bai sani ba, sai daga baya ciki ya kumbura, ko tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. In ta fashe tana iya kisa nan take. Magani kuwa sai an ɗauki hoton ciki, sa'an nan a yi fiɗa, ko a zuƙe ruwan da allura, ko a yi watanni ana shan albendazol. Ina talakan ƙauye zai sami kuɗin wannan?

Kada wani ya ce ciwon wasu ƙasashe ne. Tun ƙarshen shekarun 1970 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka duba dabbobin da ake yankawa a Arewa, har da mayankar Kano, suka sami wannan cuta, musamman ga raƙuma. Kankiya kuwa a kan hanyar Kano zuwa Katsina take, dabbobi na ratsa ta dare da rana, ga kasuwar Caranci nan kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya ke ɗauke da cutar a kowane lokaci, kuma tana cin kimanin dala biliyan 3 kowace shekara wajen jinya da hasarar dabbobi.

Amma abin yana da makari. A ƙarni na 19 cutar ta addabi tsibirin Aislan ƙwarai. A 1864 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Harald Krabbe, ya rubuta ɗan littafi yana bayyana yadda take yaɗuwa, aka rarraba wa jama'a cikin harshensu. Da mutane suka gane, suka bar ba karnuka kayan ciki, doka kuma ta biyo baya, har cutar ta ƙare. Niyu Zilan ta kafa dokar yaƙi da ita a 1959, a 2002 ta ba da sanarwar ta rabu da ita. Ilmi ne ya yi gaba, sa'an nan hukuma ta bi.

Saboda haka muna kira ga ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada su kewaye kowace mayanka yadda kare ba zai shiga ba, a haƙa rami mai zurfi da murfi domin zuba naman da ya ɓaci, malamin dabbobi kuma ya riƙa duba yanka. A nemi goyon bayan Sarakunan Pawa, gama mahauci ya fi jin maganar shugabansa bisa ga takardar ofis. Masu karnuka su riƙa ba su maganin firazikwantel aƙalla sau huɗu a shekara. Lokacin layya kuwa, da kowane gida ke zama mayanka, limamai su tunatar da jama'a cewa hanta ko huhun da aka ga ƙullutu a jikinsa, a ƙona shi ko a binne da zurfi.

Saura mu, 'yan'uwa ɗalibai da samarin ma'aikata. Da yawanmu kuɗin rago da akuya ne suka kawo mu jami'a. Ba ya kyautuwa mu san wannan abu mu bar shi cikin littafi da Turanci, alhali ƙannenmu na wasa da kare a ƙofar gida. Wannan hutu kowa ya zauna da mahaucin unguwarsu ya yi masa bayani da Hausa, cikin ladabi. Ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya sun fi kowa kusa da aikin, ya kamata su ja gaba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar nan kuwa mun gan ta, kuma toshe ta ba ya bukatar komai sai rami da sabulu da bayani. Allah ya sa mu dace.